Ɓeran da Ke Ƙyalli da Idon da Ke Kallonsa

A shekarar 1997 Masaru Okabe da abokan aikinsa a Jami'ar Osaka ta Japan suka fito da wasu ɓeraye da ba a taɓa ganin irinsu ba. A hasken ɗaki ba ka raba su da sauran ɓerayen gwaji. Amma a kashe fitila a haska su da shuɗin haske, sai ka ga kunne da wutsiya da tafin ƙafa sun ɗauki kore shar, in kuma aka buɗe ciki, zuciya da hanta da ƙoda duk haka suke. Gashi da jajayen ƙwayoyin jini ne kaɗai ba su ɗauka ba. Jariran, da yake tsirara ake haihuwarsu, su suka fi jan ido, har mai kallo daga nesa ya ce masana sun rasa abin yi. Okabe kuwa ba abin kallo ya nufa ba. So yake ya sami ƙwayoyin halitta masu shaida a jikinsu, waɗanda za a ɗiba a dasa wa wani ɓera na yau da kullum, a bi sawunsu a ga inda suka je da abin da suka zama.

Sai an san yadda ake aiki kafin nan za a gane girman abin. Shekara da shekaru, mai son sanin abin da ke cikin nama sai ya kashe dabbar, ya jiƙa naman a sinadarin da zai hana shi ruɓewa, ya yanka shi fale-fale, ya rina, sannan ya ɗora a maikuroskof. Da haka Camillo Golgi da Santiago Ramón y Cajal suka zana ƙwayoyin ƙwaƙwalwa har suka sami kyautar Nobel a 1906, kuma har gobe ba a daina ba. Sai dai gawa ba ta motsi. In ana son sanin yadda rauni ke warkewa, sai a raunata ɓeraye da yawa, a kashe wasu ran farko, wasu ran uku, wasu bayan mako, a jera hotunan a ƙiyasta abin da ya faru a tsakani. Ƙwayar da aka gani a bakin rauni ran bakwai, ita ce wadda ke can tun ran farko, ko baƙuwa ce da jini ya kawo? Wadda ba a ƙara gani ba, mutuwa ta yi ko tashi ta yi? Hoton ba shi da amsa, domin kowanne daga jikin wata dabba daban ya fito. Akwai rinin da ake ɗura wa ƙwaya mai rai, amma duk rabuwar da ta yi biyu sai rinin ya rabu, kafin a ankara ya dushe. Abin da ake nema shi ne launin da ƙwayar za ta riƙa yi wa kanta, ta kuma gadar wa 'ya'yanta.

Daga teku aka samo shi. Osamu Shimomura, wanda bom ɗin Nagasaki ya tashi yana ɗan shekara 16 a kusa da garin, ya je Jami'ar Princeton aiki da Frank Johnson. A 1961 suka nufi Friday Harbor a gaɓar jihar Washington suna kwasar wata halittar ruwa mai taushin jiki da ake kira jelifish, nau'in Aequorea victoria, wadda gefen jikinta ke walƙiya. Almakashi suka sa suna yanke gefen suna tacewa. Sai da suka yanki wajen 10,000 kafin su tara 'yan miligiram na furotin ɗin da suke nema, mai fid da shuɗin haske in ya haɗu da kalsiyam. A rahotonsu na 1962 suka ambaci wani furotin na biyu a taƙaice, wanda ke yin kore in an haska shi. Shi ne GFP, kuma sai da ya yi shekara talatin kafin a sami abin yi da shi.

A nan akwai inda ake yawan ruɗewa. GFP ba ya kunna haske da kansa. Karɓar shuɗi yake ya mayar da kore, don haka ɓeran Okabe a cikin duhu ba a ganinsa sai an haska shi. Furotin ne ƙarami, amino asid 238, wanda ke naɗe kansa, uku daga cikinsu a can tsakiya su haɗu su zama abin da ke ƙyallin. Iskar oksijin kaɗai yake buƙata. Ba ya neman taimakon komai na jikin jelifish, ke nan duk halittar da aka ba ta ƙwayar gadonsa za ta iya yin sa.

Douglas Prasher na cibiyar binciken teku ta Woods Hole shi ya hango haka, shi ya kuma ware ƙwayar gadon ya wallafa a 1992. Kuɗin bincikensa suka ƙare, ya aika wa Martin Chalfie na Jami'ar Columbia da Roger Tsien na San Diego abin da ya samu, ya bar fagen. A 1994 Chalfie ya nuna 'yar tsutsar nan C. elegans, mai tsawon milimita guda, jijiyoyinta na jin taɓi suna ƙyalli tana raye. Tsien ya yi ta sauya amino asid ɗaya-ɗaya har furotin ɗin ya ƙara haske, aka kuma fid da shuɗi da rawaya daga jikinsa. Ja daga Mosko ya zo a 1999, inda Mikhail Matz da Sergey Lukyanov suka same shi a jikin wani dangin murjani. Daga baya mutanen Tsien suka gyara shi suka raɗa wa 'ya'yansa sunayen kayan marmari, su mCherry da mOrange da tdTomato. Lokacin da aka ba Shimomura da Chalfie da Tsien Nobel a 2008, Prasher motar ɗaukar kwastomomi yake tuƙawa a wani kamfanin sayar da motoci a Alabama. Kyautar ba ta wuce mutum uku. Chalfie da Tsien ne suka biya masa kuɗin zuwa Stockholm.

Sa wa ɓera baƙuwar ƙwayar gado kuwa an iya shi tun 1980, lokacin da Jon Gordon da Frank Ruddle a Yale suka yi wa ƙwan ɓera da bai daɗe da haɗuwa da maniyyi ba allurar DNA da siririn gilashi, suka mayar da shi mahaifar wata mace. A jikin 'yan kaɗan daga jariran DNA ɗin kan manne da nasu, ya bi zuri'a. Cikin ɓera kwana 20 ne ko kusa, ɗan kuma kan balaga cikin wata biyu, saboda haka zuri'a ba ta wuyar kafuwa. In ta kafu sai a ajiye ta a wurare irin su Jackson Laboratory a jihar Maine, mai so ya yi oda. Abin da ya mai da wannan kayan aiki na gaske shi ne dabarar makunni. Duk ƙwayoyin jiki DNA ɗaya suke ɗauke da shi, amma ta hanta da ta ƙwaƙwalwa ba sashe ɗaya suke karantawa ba, domin gaban kowace ƙwayar gado akwai guntun DNA da ke cewa a kunna ko a kashe. Okabe ya zaɓi makunnin da ke aiki ko'ina. Ka zaɓi wanda ƙwayoyin jijiya kaɗai ke kunnawa ka ɗaura masa GFP, sai jijiya kaɗai ta yi haske, sauran jiki ya zauna a duhu.

Ashe duhun ma rabin aikin ne. In duk ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suka haska tare ba abin da za ka gani sai kore cunkus, domin rassansu a sarƙe suke. A shekarar 2000 Guoping Feng da Joshua Sanes a St. Louis suka yi zuri'a 25 da makunni ɗaya mai suna Thy1, kowace zuri'a ta fito da nata tsarin. Dalili shi ne mai allura ba ya iya zaɓar inda DNA zai sauka, wurin saukar kuma yana sauya yadda makunnin ke aiki. A wasu zuri'o'in ƙwaya ɗaya-ɗaya ce ke haskawa nan da can, tun daga jikinta har ƙarshen reshenta, ko'ina kewaye da ita duhu. Rashin iya saiti ne ya haifi ɓerayen da har yau ake gwaji da jikokinsu.

Saura yadda za a leƙa ciki. Nama ba gilashi ba ne. Haske yana shiga ya watse, jini kuma ya shanye shuɗi da kore. Tun 1931 Maria Goeppert-Mayer ta lissafa cewa sinadari zai iya haɗiye ɗigon haske biyu marasa ƙarfi a lokaci guda ya yi kamar ɗaya mai ƙarfi ya haɗiya. Sai a 1990 Winfried Denk da James Strickler da Watt Webb a Cornell suka gina maikuroskof a kan haka. Leza yake harbawa mai hasken da ke bayan ja, wanda ido ba ya gani amma ya fi ratsa nama, kuma ba inda ƙyalli ke tashi sai daidai ɗigon da aka saita. Da shi ana kaiwa zurfin rabin milimita zuwa kusa da milimita guda. Kaɗan ne, amma ɓawon ƙwaƙwalwar ɓera duka kaurinsa bai fi haka da yawa ba. Ƙoƙon kai kuma hanya biyu ake bi masa: ko a kankare ƙashin har haske ya iya ratsawa, ko a cire ɗan da'ira a liƙa gilashi. Jijiyoyin jinin da ke sama su ne alamar hanya. Da su ake komawa kan reshen da aka duba makon jiya.

Tambayar farko da aka kai wa wannan taga tsohuwa ce: ina abin da aka koya yake zama? A jikin rassan ƙwayar jijiya akwai wasu 'yan ƙayoyi, kowace ba ta fi maikuromita ɗaya ko biyu ba, nan saƙon wata ƙwaya ke sauka. Cajal ya zana su tun ƙarni na 19, amma ba wanda ya san ko zaunannu ne ko fitowa suke suna ɓacewa. A Disamban 2002 mujallar Nature ta buga amsa biyu a fitowa ɗaya. Rukunin Wen-Biao Gan a New York suka ce a babban ɓera kusan kashi 96 cikin 100 na ƙayoyin suna nan daram bayan wata guda. Rukunin Karel Svoboda a Cold Spring Harbor suka ce wajen rabi ne kawai ke kai wata. Dukansu da ɓerayen Thy1 suka yi aiki, dukansu da idonsu suka gani. Shekarun ɓerayen ba ɗaya ba ne, sashen ƙwaƙwalwar ma haka, amma a 2007 mutanen Gan suka ɗora laifin a kan tagar. Su kankarewa suke yi, su Svoboda cirewa suke su sa gilashi, kuma suka nuna cire ƙashin yana ta da kumburin da ke ƙara wa ƙayoyin fita da shiga har tsawon makonni. Ɗaya ɓangaren suka ce in hannun mai tiyata ya faɗa, aka kuma bar raunin ya lafa, matsalar ba ta kai haka ba. A ganina ba wanda ya kai wani ƙasa. Ribar da aka ci ita ce yau duk wanda ya kawo irin wannan sakamako sai an tambaye shi wace irin taga ya yi da kwana nawa ya jira bayan tiyata. Bayan haka aka samu abin da ya tsaya: a 2009 rukunin Yi Zuo a Santa Cruz suka koya wa ɓera miƙa hannu ta 'yar kafa ya ɗauko ƙwayar hatsi, suka ga sababbin ƙayoyi sun tsiro cikin awa guda, wasunsu suka zauna watanni, aka kuma rage wasu tsofaffi.

Labarin maikurogiliya, masu gadin ƙwaƙwalwa, ya bi irin wannan hanya. Littattafai sun daɗe suna cewa a ƙwaƙwalwa mai lafiya hutawa suke sai in wani abu ya faru. A 2005, da ɓeran da Steffen Jung da Dan Littman suka yi, rukuni biyu, na Axel Nimmerjahn a Heidelberg da na Dimitrios Davalos a New York, suka ga ba hutu ko kaɗan. Jikin ƙwayar yana tsaye, amma hannayenta miƙawa suke suna janyewa ba dare ba rana, suna lalube kewaye; a ƙona ɗan wuri da leza, cikin mintuna sun yi ca a kai sun kewaye shi. Wannan babu gawar da za ta nuna maka shi. To amma ɓerayen a sume suke da maganin barci. A 2019 wasu rukunoni biyu a Amurka suka duba a ɓera mai ido biyu, suka tarar laluben ya ragu, domin sinadarin noradiranalin da ƙwaƙwalwa ke fitarwa a farke yana taka musu birki. Ga kuma wani abu: a wannan ɓera an sa GFP ne a mazaunin wata ƙwayar gado mai suna CX3CR1, wato an lalata ɗaya daga kwafi biyun da ƙwayar ke amfani da su wajen sauraron jijiya.

Mataki na gaba shi ne launin da ba ya goguwa. An aro wani furotin mai suna Cre daga ƙwayar bairas da ke kama bakteriya; aikinsa ya yanke duk abin da ke tsakanin wasu alamomi biyu a DNA ya yar. Sai a yi ɓera ɗaya mai ƙwayar gadon launi amma an tokare gabanta da shinge, a yi wani mai Cre a ƙarƙashin makunnin da ake so, a haɗa su barbara. A jikin ɗan, duk ƙwayar da ta taɓa kunna Cre shingenta ya tafi ke nan, ita da 'ya'yanta da jikokinta sun ɗauki launi har abada. An ma yi Cre da ba ya motsi sai an ba ɓeran tamoxifen, maganin nan na sankarar mama, don mai bincike ya zaɓi ranar da za a fara ƙirga. A 2007 Jean Livet da Jeff Lichtman da Sanes a Harvard suka sa Cre ya riƙa zaɓen launi bisa sa'a daga ja da rawaya da shuɗi, kwafi da yawa a ƙwaya ɗaya, aka sami garwaye wajen 90. Brainbow suka kira shi. Hotunansa sun fi sakamakonsa suna. Bin reshe ɗaya mai nisa ta launi ya fi yadda aka zata wuya.

A hanji dabarar ta biya kuɗin sabulu. Fatar cikin hanji tana sabunta kanta cikin ƙasa da mako, daga wasu 'yan ramuka da ke gindinta. A 2007 Nick Barker da Hans Clevers a Cibiyar Hubrecht ta Utrecht a Holan suka gano uwayen ƙwayoyin da ke wannan aiki, ta makunnin Lgr5, wajen 14 a kowane rami. Abin da aka daɗe ana koyarwa shi ne kowace uwa in ta rabu biyu, ɗaya ta zauna a gurbinta ɗaya ta tafi. In haka ne, ramin da aka ba uwayensa launi huɗu zai dawwama da launi huɗu. A 2010 suka gwada da ɓeran da suka kira Confetti, sai ga ramukan suna komawa launi ɗaya-ɗaya cikin makonni zuwa watanni, wanda zai yi nasara kuwa ba a iya faɗa tun farko. Wato uwayen ture juna suke a wuri mai ƙunci, zuri'ar wata ta ƙare ta wata ta cika ramin. Har nan dai ƙiyasi ne daga gawa. A 2014 Laila Ritsma da Jacco van Rheenen suka dasa tagar gilashi a cikin ɓera suka bi ramuka ɗaya kwana da kwanaki. Suka ga uwar da ke tsakiyar gindi ta fi samun zama, ta gefe ita ake turewa, amma suna musayar wuri, ta gefe yau tana iya shigewa tsakiya gobe. Mazauni ne ke ba da fifiko, ba asali ba. Wannan ya shafi fahimtar sankarar hanji kai tsaye, tunda ƙwayar da ta sami illa a gadonta ita ma sai ta ci wannan turereniya kafin ta mamaye rami.

Akwai kuma ɓerayen da haskensu ke ba da labarin aiki. Duk lokacin da ƙwayar jijiya ta harba saƙo kalsiyam yana kwarara cikinta. A 2001 Junichi Nakai a Japan ya haɗa GFP da wani furotin mai kama kalsiyam, ya sami GCaMP, wanda ke ƙara haske in kalsiyam ya hau. Da aka fito da na shida a cibiyar Janelia ta Virginia a 2013, abin ya zama ruwan dare. Yanzu ana kafe kan ɓera, yana gudu a kan ƙwallo ko taya, ana kallon ƙwayoyi fiye da 10,000 suna ƙyaftawa a lokaci guda. Akwai ma maikuroskof da bai kai giram biyu ba da ake ɗora masa a ka ya yi yawonsa. Sai a tuna saƙon jijiya kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa, hasken kalsiyam kuwa yana jan ƙafa fiye da haka nesa ba kusa ba, ke nan inuwar saƙon ake gani. A 2017 kuma Nicholas Steinmetz da abokansa a Landan suka gano wasu zuri'o'in GCaMP6 da ɗakunan bincike da dama ke aiki da su suna da wani hargitsin ƙwaƙwalwa mai kama da farfaɗiya, ba a lura ba.

Gani ya kori ji, in ji Hausawa, kuma bidiyon ƙwaya tana tafiya yana da wani kwarjini da teburin lambobi ba shi da shi. Nan ne fa haɗarin yake. A 2001 wani rukuni a New York suka ce sun yi wa zuciyar ɓeran da ta sami bugu allurar ƙwayoyin ɓargo masu kore, sun zama sabon naman zuciya. Ba a daɗe ba aka fara gwadawa a jikin mutane. A 2002 Amy Wagers da Irving Weissman a Stanford suka dasa uwar ƙwayar jini guda ɗaya tak mai kore a ɓera, ta cika jininsa, amma a sauran gaɓoɓi ba su sami kore ba sai 'yan ƙalilan da za a ƙirga da yatsu. A 2003 aka nuna ƙwayar ɓargo tana iya narkewa cikin ta hanta ko ta zuciya ko ta ƙwaƙwalwa su zama ɗaya, tsohuwar ta ɗauki kore ba tare da an haifi sabuwa ba. A 2004 rukunoni biyu suka maimaita gwajin zuciyar ba su ga komai ba. Nama mai rauni ma yana da nasa ƙyalli na asali, wanda mai ɗoki zai ɗauka GFP ne.

Na ido ya fi wannan koyarwa, domin aikin mai tsabta ne. A 2006 Robert MacLaren da Rachael Pearson da Robin Ali a Landan suka ɗebi ƙananan ƙwayoyin karɓar haske daga idon jaririn ɓera mai kore suka dasa a bayan idon babba. Bayan makonni sai ga ƙwayoyi kore zaune a sahun da ya dace, da cikakkiyar siffa. A 2012 har aka nuna ɓeraye masu dundumi sun sami ɗan gani. Shekara goma kowa ya tafi a kan cewa dashen ya kama. A 2016 rukunoni uku, a Landan da Oxford da Dresden, suka sake gwajin da shaida biyu: mai bayarwa kore, mai karɓa ja, ko mai bayarwa namiji, mai karɓa mace, a nemi alamar namijin a cikin ƙwayar. Mafi yawan ƙwayoyin kore suka fito ja ne kuma kore, ba alamar namiji a cikinsu. Na mai gida ne. Baƙin suna can gefe ba su shiga sahu ba, furotin ɗinsu kawai suke miƙawa, har da GFP. Riga aka gani aka ce mai rigar ne, alhali riga ana aronta. Abin da ya burge ni shi ne biyu daga rukunonin ukun masu da'awar farko ne ke jagorantarsu. Su da kansu suka tone ta. Ganin da ɓerayen suka samu gaskiya ne, dalilinsa ne aka karanta ba daidai ba, kuma a 2021 masu bincike a Landan da Toronto suka nuna ta wasu siraran bututu ƙwayoyin ke miƙa wa juna kayan.

Sauran aibobin sanannu ne. GFP yana daɗewa, kusan kwana guda kafin rabinsa ya lalace, don haka ƙwaya na iya ci gaba da haske bayan makunninta ya mutu. In ya yi yawa yana cutarwa. A 2000 an ba da rahoton ɓerayen da ya kumbura wa zuciya. Garkuwar jikin ɓeran da ba a haife shi da shi ba tana iya ɗaukar sa baƙo ta kashe ƙwayoyin da aka dasa. Lezar kanta tana dusar da launi tana gasa nama. Zurfi kuma har yanzu shi ne katanga: a 2013 rukunin Chris Xu a Cornell suka yi amfani da ɗigon haske uku suka wuce milimita ɗaya, aka yi murna, alhali ƙwaƙwalwar ɓera ta ninka haka sau da yawa.

Masu wannan aiki kan ce yana rage kisan dabbobi, bisa ƙa'idar da William Russell da Rex Burch suka shimfiɗa a 1959, tunda ɓera ɗaya da aka bi wata guda ya maye gurbin gomman da da za a kashe kashi-kashi. Haka ne, amma lissafin bai cika ba. In gwaji yana buƙatar baƙin ƙwayoyin gado uku a jiki ɗaya, kowacce kuma rabin 'ya'ya ke gadonta, ɗaya cikin takwas ne zai fito yadda ake so, sauran bakwai galibi ba su da aiki. Wanda aka zaɓa kuma tiyata ke jiransa, da ƙarfe a ka. Maikuroskof ɗin ma ɗaruruwan dubban daloli ne, ga wuta da ba ta ɗaukewa, ga ɗakin kiwo mai tsabta. Ba mamaki ɗakunan binciken da suka zo a nan duka a Arewacin Amurka da Turai da Japan suke.

Duk da haka ɗaya daga wuraren da kallon ya fi amfani cuta ce ta ƙasarmu. An daɗe ana ɗaukar cewa sauro cikin jini kai tsaye yake zuba ƙwayar maleriya. A 2004 Jerome Vanderberg da Ute Frevert a New York, sannan a 2006 Rogerio Amino da Robert Ménard da Friedrich Frischknecht a Cibiyar Pasteur ta Paris, suka bar sauro mai ɗauke da ƙwayar cuta mai ƙyalli ya ciji kunnen ɓera suna kallo. A fata yake tofar da su. Nan suke ta silalawa suna neman jijiyar jini. Wasu su samu su nufi hanta, wasu su faɗa hanyar kaluluwa su maƙale, wasu su rage a fatar. A 2006 ɗin aka kuma ga yadda suke barin hanta bayan sun hayayyafa: ba fashewa ƙwayar hantar ke yi ba, ƙunshe su take cikin fatarta ta tura su jini a dunƙule, masu gadin hanta ba su gane su ba. A 2013, da ɓeran da bangon jijiyoyin jininsa ke kore, aka ga ba ƙofa ɗaya suke bi su shiga hanta ba. Rigakafin RTS,S da R21 (na biyun ne Najeriya ta fara bai wa yara a Kebbi da Bayelsa a Disamban 2024) wannan mataki na tsakanin cizo da hanta suke hari. Ba kallon ne ya haife su ba, RTS,S ya girme shi, amma shi ya nuna cewa garkuwar da rigakafi ke tayarwa tana iya tsayar da ƙwayar tun tana fata.

Sai dai wadda ake kallo ɗin ba ita ce ke kashe yara a Kano ko Maraɗi ba. Plasmodium berghei ce, ta ɓerayen daji, wadda aka gano a Katanga ta Kongo a 1948. Tamu, falciparum, ba ta kama ɓera, kuma furotin ɗin da take sa wa jajayen ƙwayoyin jini su manne a jijiyoyin ƙwaƙwalwar yaro, berghei ba ta da irinsa. A 2012 masu bincike a Seattle suka sa falciparum ta gama zamanta na hanta a jikin ɓeran da aka cika hantarsa da ƙwayoyin mutum. Kafin dashen ya zauna sai da aka rushe garkuwar jikin ɓeran, don haka a jikinsa ana iya bin ƙwayar cutar, amma ba a ganin yadda jiki ke yaƙar ta.